Mai shagon da ya ce in kawo ganye kafin ya sayar mini da magani

Wata safiyar Talata a farkon Janairu na shiga garka bayan sallar asuba da farin hijabi a jikina. Da na fito sai ɗiyata ta ce, “Inna, mi ya taɓa maki tuhwa?” Na duba gefen hijabin, na ga jan gari ya bi shi layi-layi, kamar wadda ta jingina da tsohon kwanon rufi. Na koma na duƙa a bakin fangali na juya ganye ɗaya. Ƙananan ƙuraje ne jere a bayansa, launin ruwan lemo, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa ba, wasu sun fashe suna zubar da gari. Na juya na biyu, haka. Na uku, haka. Sai da na zauna a kan bokiti.

Abin da na shuka ba albasar da muka saba da ita ba ce. Turawa suna kiranta lik, a Konni kuma da sunanta na Faransanci ake nemanta, puwaro. ’Yar uwar albasa da tafarnuwa ce, amma ba ta yin kai a ƙasa. Kara take yi, fari, mai kauri kamar ƙaramin rake, ganyenta kuma faffaɗa ne mai kwarmi a tsakiya, ba bututu irin na lawashi ba. A gidan ƙanwata da ke aure a Birnin Konni na fara cinta cikin romon kaza. Maigida ya daɗe ba ya son zafin albasa a miya, amma ranar sai da ya nemi ƙari. Ita ta aiko mini da iri ta hannun direban Illela. Na yi yafi a farkon Oktoba, na dasa a ƙarshen Nuwamba, fangali shida, na kuma sa tafarnuwa a fangali biyu a gefensu. Wata uku ina raino, kullum sai na leƙa su safe da marece.

Gidanmu yana Sakkwato, kan hanyar jami’a, ba nisa da fadamar Kwalkwalawa. Wanda ya san wurin ya san yadda sanyin gulbin Rima ke kwantawa da dare a lokacin ɗari, da yadda raɓa ke jiƙa ganye da asuba ko da cikin gari ya bushe ƙayau. Wannan zai dawo a gaba, don shi ne rabin labarin.

Na fara aiken autana wani shagon maganin feshi da ke kusa da mu. Ya yi musu bayani da baki, suka miƙo masa kwalba, suka ce maganin komai ne, naira 3,000. Sau biyu muka fesa cikin mako ɗaya. Wari ya cika tsakar gida har sai da na hana jikokina fita wajen, ƙurajen kuwa sai ƙaruwa, suka haye tafarnuwa ma. Wani dattijo maƙwabcinmu da ya tsufa yana noman albasa a fadama ya leƙo ta kan katanga, ya ce, “Hajiya, zazzalau na, tuge su duka ki huta.” Ina girmama shi ƙwarai, kuma na san asarar da ya sha gani a rayuwarsa ce ta sa ya faɗi haka, amma hannuna ya kasa.

Wata abokiyar aikina da muka koyar tare a firamare ita ta ba ni lambar mai shagon da nake son yin magana a kansa. Ban nemi izininsa ba, don haka ba zan kama suna ba. Matashi ne, shagonsa yana wajen masu iri da maganin feshi a Sabuwar Kasuwa, ɗan ƙarami, idan mutum uku suka shiga na huɗu sai ya tsaya a ƙofa. Da na kira shi na fara zuba bayani, sai ya dakatar da ni cikin ladabi.

“Hajiya, ki yi haƙuri, ba ni ba da magani ta waya. Ki tsinko ganye ukku: wanda abin ya hwara kamawa, wanda ya ci sosai, da wanda kike ganin lahiya lau yake. Ki sa su leda ki ɗaure baki. Kwalbar da kunka hwesa ma ki taho da ita.”

Wannan maganar kaɗai ta sa na shiga keke washegari.

Na tarar da manoma biyu a gabana, ɗaya daga Kware, ɗaya daga Wurno, kowa da damuwar albasarsa. Na jira kusan rabin awa a tsaye. Da layi ya zo kaina, bai taɓa komai a kan kanta ba. Ya yage farar takarda daga littafi, ya goga ganyen a kai, jan gari ya fito ɓaro-ɓaro. Ya ɗauko ɗan gilashin ƙara girma ya duba, ya miƙo mini ya ce in duba da kaina. Na ga fatar ganyen ta tsage, garin yana fitowa daga ciki, ba wani abu ne ya zauna a kai daga waje ba.

“Tsatsa ta, Hajiya,” in ji shi. “Ba zazzalau ba ta, kuma ba ƙwaro ba na.”

Sai ya rarrabe mini abubuwa uku da ke kama dangin albasa, waɗanda mutane ke haɗawa su kira da suna ɗaya. Akwai ƙananan ƙwarin nan da ke ɓuya a matsematsin ganye suna tsotsa, su ne ke barin ganye da zane-zane fari mai ƙyalli kamar azurfa, kuma su ne maganin ƙwari ke kashewa. Akwai ciwon da ke yin tabo mai faɗi, tsakiyarsa shuɗi-shuɗi mai duhu da zobe-zobe, ganye ya karye daga wurin ya kwanta. Sai tsatsa, wadda alamarta ba ta ɓuya: ƙuraje masu gari, idan ka shafa ya biyo yatsa. Ya juya kwalbar da na zo da ita ya nuna mini hoton ƙwaro a jikinta, ya ce maganin ba jabu ba ne, amma ko na juye kwalba goma tsatsa ba za ta san an yi ba, domin ita dangin funfuna ce, ba ta da baki balle ta sha guba. Bai zagi waɗanda suka sayar mini ba. Ya ce kawai, “Da sun ga ganyen da ba su ba ki wagga ba.”

Ya rubuta mini sunan cutar a takardar da jan garin ke kai, Puccinia allii, ya ce in ba yara su bincika a waya don kada in dogara da bakinsa shi kaɗai. Na ba ɗiyata da dare, abin da ta karanto mini bai saɓa da nasa ba.

Daga nan ya shiga tambaya, kuma tambayoyin nan su ne abin da ya fi daraja a cikin duk abin da na samu a shagon. Yaushe nake ban ruwa? Na ce da marece, bayan la’asar sakaliya, wani lokaci har gab da magariba, don a lokacin ne famfo ke kawowa. Ta yaya? Na ce da butar ban ruwa mai rariya, ina yayyafawa ta sama har ganye ya yi sharkaf, don ina ganin kamar ina wanke musu ƙurar hunturu ne. Wane taki na sa? Na ce yuriya, sau uku, don ina son ganye ya yi kore shar. Tazara fa? Na nuna masa da yatsu huɗu. Me ke kusa da su? Tafarnuwa. Ina gidan yake? Na faɗa masa.

Ya yi shiru kaɗan, sannan ya yi mini bayanin da zan maimaita a nan yadda na fahimce shi, don na tabbata akwai masu garka a bayan gida da ke yin abin da na yi.

Jan garin nan shi ne irin cutar, iska ke ɗaukarsa daga wata gona zuwa wata. Idan ya sauka a kan busasshen ganye ba ya iya komai. Sai ganye ya jiƙe ya zauna a jiƙe na wasu awoyi, kamar huɗu zuwa sama, kuma gari yana da sanyi, sannan ya tsira ya kutsa ciki. Yanayin da ya fi so shi ne daga digiri 10 zuwa 20 da ’yan kai; idan zafi ya wuce 25 ya zauna a haka, ƙarfinsa ya kare. Shi ya sa ba kasafai ake ganin tsatsa a Sakkwato ba, ƙasarmu ta fi ƙarfinta da zafi da bushewa. Amma a Disamba da Janairu dare kan sauka zuwa wajen digiri 15. Ni kuma ina jiƙa ganye daidai lokacin da rana za ta faɗi, ruwan ya kwanta a kwarmin ganyen, ba ranar da za ta busar da shi, raɓar fadama ta zo da asuba ta ƙara. Tun magariba har hantsi ganyen yana cikin laima. Na haɗa wa cutar daren da take so da hannuna, kullum, har mako shida.

Yuriya kuma ta sa ganye ya yi laushi ya yi yawa, irin wanda tsatsa ta fi saurin kamawa, musamman idan ƙasa ba ta da isasshen sinadarin fotash. Cunkoson da na yi ya hana iska ratsawa. Tafarnuwa kuwa, ya ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awai: cuta ɗaya ce ke bin lik da tafarnuwa da albasa, kuma tafarnuwa ta fi jin jiki, domin idan ganyenta ya mutu da wuri kanta ba ya cika.

Na ce to, a ba ni magani mafi ƙarfi, ko nawa ne. Na zo da naira 15,000 a jaka kuma na yi niyyar kashe su.

Ya ɗauko wata kwalba daga sama ya nuna mini. Ya ce wannan haɗin azoxystrobin da difenoconazole ne, yana shiga cikin ganye, shi yake ba masu kadada guda ko biyu na tafarnuwa idan tsatsa ta shigo musu. Sannan ya mayar da ita inda ya ɗauko. Ya ce fangali takwas ba su kai a buɗe wannan kwalbar ba, ragowar za ta zauna a gida inda yara suke har ta lalace, kuma irin wannan maganin idan ana maimaita shi barkatai cutar kan saba da shi. Ya miƙo mini ƙaramin ƙunshin garin mancozeb, rufaffe da takardarsa da lambar NAFDAC da ranar lalacewa, naira 1,500. Ya kuma faɗi wata magana da ban taɓa jin mai sayar da kaya ya faɗa a kan kayansa ba:

“Hajiya, wanga ba ya warkar da ganyen da ya kamu. Tabon da kinka gani yana nan har ki cire shi. Sabon ganye kawai yake tsarewa, shi ma sai ya rufe shi kahin garin ya sauka. In kin gyara ban ruwa, ko ba ki saye shi ba za ki ci lik ɗinki. Don tafarnuwa ni ba ki shi. In Maris ya kama, zahi zai ƙarasa sauran aikin.”

Ya tambayi girman abin feshina, na ce ƙaramin na hannu ne mai cin lita 2. Ya karanta takardar, ya auna giram 5 a kan ɗan sikelinsa, ya zuba a murfin gora ya ja layi da biro inda garin ya tsaya, ya ce wannan ne ma’aunina, kada in ƙara don ina jin haushi. Ya ce in ɗiga sabulun ruwa ɗigo biyu, saboda ganyen dangin albasa yana da santsi kamar an shafa masa kakin zuma, ruwa zamewa yake yi. In yi feshi da safe bayan raɓa ta bushe, ranar da ba iska, in rufe hanci da hannuwa, in bar kwana 7 zuwa 10 tsakani, kada in wuce sau uku. Bayan na ƙarshe in ƙirga mako biyu cur kafin wani abu daga fangalin ya shiga tukunya. Ganyen da aka fesa kada a ba awaki, kada a yi gabu da shi.

Na fito da naira 13,500 a jakata.

Aikin da ya ba ni a gida ya fi feshin wuya. Na bi fangali ɗaya bayan ɗaya da almakashi ina yanke ganyen waje da suka ci sosai, ina sawa kai tsaye a buhu don kada garin ya tashi, na ƙone su a bayan gida. Ya gargaɗe ni kada in yi wa tsiro tsirara, in bar masa ganyen tsakiya ko da da ɗigo ɗaya ko biyu a jiki, don da su yake ci. Sai rage cunkoso. Nan ne na ji ciwo, domin sai da na tuge kusan rabi don a samu tazarar wajen santimita 15 tsakanin kowane biyu. Waɗanda na tuge sun riga sun sha maganin ƙwarin farko bai fi kwana biyar ba, don haka ko miya ban yi da su ba, rami na haƙa na binne. Na ajiye butar rariya. Na sayi ƙarin duro ina tara ruwa da marece, da safe in saki ta ƙaramar hanya a gindin tsiro, ganye bai san an yi ba. Na daina yuriya ɗungurum. Na riƙa barbaɗa tokar murhu kaɗan-kaɗan a gefen layi ina cuɗawa da ƙasa, kamar yadda ya ce, don akwai fotash a cikinta. Na ci gaba da tara ƙasa a gindin lik ɗin don karan ya yi fari ya yi tsawo.

Bayan kwana goma sabon ganyen da ke fitowa daga tsakiya ya fito tas. Tsofaffin ƙurajen ba su tafi ba, kamar dai yadda ya faɗa. Wasu sun rikiɗe sun yi baƙi. Na kira shi a tsorace, ya ce matakin ƙarshe ne na cutar, irin da take ajiyewa don ta jira wani lokacin, in cire waɗannan ganyen in ƙone kada su kwanta a ƙasa. Ya ɗauki waya a bugu na biyu, kuma bai nuna na dame shi ba. Sau biyu na yi feshi, ban kai ga na uku ba. Zuwa ƙarshen Fabrairu dare ya fara ɗumi, raɓa ta ɗauke, ban sake ganin sabon ƙurji ko ɗaya ba.

A tsakiyar Maris na fara cira. Idan na ɓare ganye biyu na waje, karan ciki fari ne sol, ba tabo. Tsatsa ganye take ci, ba ta shiga farin kara, kuma ba ta hana a ci abin da ya rage. Ba su kai kaurin na Konni ba, mafi girmansu kamar babban yatsana biyu a haɗe, amma ranar da na yi romon farko Maigida ya ɗaga kai daga kwano ya ce, “Wagga ta garkarmu ta?” Tafarnuwa ita ce ta biya bashin. Kawunan sun fito ƙanana, fangali biyu ba su cika kwanon awo ɗaya ba. Ya riga ya gaya mini haka za ta iya faruwa tun ranar farko, don ganyenta ya riga ya ƙone kafin in je wurinsa.

Yanzu ga abin da ban ji daɗinsa ba, kuma na faɗa masa a gabansa kafin in rubuta a nan.

Na farko shi ne ya fi tsaya mini a rai. A ƙasan kanta akwai ƙulle-ƙullen farar leda, gari fari da gari rawaya, an auna daga babban buhu an ƙulla don masu ƙaramin ƙarfi. Ba suna, ba ma’auni, ba ranar lalacewa. Ni ya ba ni rufaffe, amma a gabana yaron shagon ya miƙa wa wani tsoho ƙulli biyu, tsohon ya jefa su aljihu ɗaya da goronsa. Na koyar da yara shekara talatin, na san yadda ƙullin farin gari yake a idon yaro ɗan shekara huɗu: madara ce ko sukari. Mutumin da ya san ya ja mini layi a murfin gora ya san wannan ba daidai ba ne. Da na yi masa magana ya ce manomi mai naira 300 ba zai iya sayen rufaffe ba, kuma in bai samu a nan ba zai samu a gaba. Gaskiya ne, amma takarda da biro ba su kai naira 300 ba. Ko suna da ma’auni ya rubuta ya liƙa.

Na biyu, ya ce in rufe hanci da hannuwa, amma babu safar hannu ko takunkumi ko ɗaya a shagon. Sai da na biya kantin magani na saya. Ni ina da halin biyawa. Wanda ya taso daga Goronyo da kuɗin mota ƙididdige ba zai biya ba, da hannu zai dama.

Na uku, ɗiyata ce ta gano mini cewa Tarayyar Turai ta ƙi sabunta izinin mancozeb a ƙarshen 2020 saboda damuwa kan lafiyar mutane. A nan ana sayar da shi da rajista, kuma ban ce ya sayar mini da haramtaccen abu ba. Amma abinci ne zan ba iyalina, kuma shi da bakinsa ya ce ko ban saya ba zan ci lik ɗina. Da ya ƙara mini wannan bayanin, da na zaɓa da idona a buɗe, wataƙila in fesa wa tafarnuwa kaɗai in bar lik. Da na tambaye shi bai yi musu ba. Ya ce ya sani, shi ya sa ya ce kada in wuce sau uku kuma in jira mako biyu. Na ce masa sanin da ya tsaya a cikinsa bai amfane ni ba. Ya ce, “Gaskiya ta, Hajiya.”

Sauran ƙanana ne. Ba benci, mace mai shekaruna ta tsaya rabin awa cikin warin magani. Ba ya ba da rasit. Fakitin iri suna rataye a bakin ƙofa rana tana dukansu, alhali irin albasa da danginta ba ya jure ajiya, shekara ɗaya zuwa biyu ƙarfin tsirarsa ya ragu ko a inuwa, balle a ranar Sakkwato. Ba zan sayi iri a can ba sai ya mayar da su ciki. Yana ba da hayar injin feshi na goyo, na sunsuna ɗaya na ji warin maganin ciyawa. Wanda zai karɓa don kayan lambu ya wanke shi sau uku tukuna, in ba haka ba ragowar za ta ƙone masa shuka. Sannan duk alherin shagon yana jikin mutum ɗaya ne. Ranar da na koma ban same shi ba, yaron da ke jira bai tambaye ni komai ba, hannunsa na kan kwalba tun kafin in rufe baki. Idan kuka je ba ya nan, ku juya ku dawo. An fi samunsa da hantsi. Bayan azahar yakan fita duba gonakin masu sayen kayansa.

Duk da haka nan zan koma, nan kuma nake tura duk wadda ta tambaye ni. Mata uku daga unguwarmu sun je da ganye a leda, ɗaya da tumatir, biyu da albasa. Ɗaya daga cikinsu ta dawo ba ta sayi komai ba, ya ce mata ruwa ne ya yi wa shukarta yawa, ta rage.

Ya ce kada in sake sa dangin albasa a waɗannan fangalin sai bayan shekara biyu ko uku, kuma kada in bar ko tsiro ɗaya na lik ko tafarnuwa ya kwana a garka har damina, don a kan ɗanyen ganye cutar ke rayuwa. Na share su tas. Yanzu alayyafo da yakuwa ne a wurin, idan sanyi ya dawo in sa karas da salak. Lik kuwa zan kai shi ɗaya gefen gidan, wajen da rana ke fara bugawa da safe, tafarnuwa kuma can nesa kusa da zaure.

Makon jiya na kai masa dami ɗaya, guda bakwai, na wanke na ɗaure da igiyar kaba. Ya juya su a hannu ya ce shekararsa nawa yana sayar da maganin cutar wannan abu bai taɓa sa shi a baki ba. Na gaya masa yadda uwargidansa za ta yi: ta tsaga karan biyu a tsaye, ta wanke ƙasar da ke maƙalewa tsakanin ɓawo, ta yanka, ta soya sama-sama a man gyaɗa kafin ta tsaida ruwan romo. Ya roƙi in sa ƙanwata ta aiko da iri fakiti biyu idan Satumba ta zo, ɗaya nasa. Na ce to. Kafin in fito na leƙa ƙasan kanta. Ƙulle-ƙullen suna nan, amma an rubuta suna da jan biro a jikin na layin gaba. Na baya ba a kai gare su ba tukuna, na nuna masa su da yatsa.